Babur ɗin koyo da gaisuwar kan titi: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Malali:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin Napep daga Malali zuwa wurin aikina a Kakuri nan cikin Kaduna yake cinye min rabin abin da nake samu, shi ne na ce bari in lallaɓa in sayi babur. Ban taɓa tuƙa komai ba in ban da keke. Wanne ya fi dacewa da ɗan koyo, roba-roba ko Boxer? Sannan na ga a bidiyo masu babur na ƙasashen waje in sun yi kiciɓis a hanya, kowa sai ya sauke hannun hagu ya nuna yatsu biyu ƙasa, ko da ba su san juna ba. Mu nan ana yin haka? Kada in fita ana gaishe ni ina share mutane.

Makanike, Tsohuwar Panteka:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Roba-roba za ka nema, Haojue ko Lifan mai 110cc. Ba ta da kuloci a hannu, ka saki totur ka taka giya, shi ke nan. Ga ta gajera, ƙafafunka biyu za su taka ƙasa in ka tsaya. Yawancin 'yan koyon da ake kawo min mashinansu da fasasshiyar fitila, a wajen tashi suka faɗi: an saki kuloci gaba ɗaya, totur a murɗe, mashin ya zabura ya bar mai shi.

In na hannu za ka saya, wato wanda aka yi amfani da shi, je ka gani da sassafe kafin mai shi ya ɗumama shi. Taɓa injin da hannunka, in da sanyi sai ka ce ya buga kik. Kalli salansa. In hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita, injin yana shan baƙin mai, aiki na jiranka. Tsohuwar Jincheng kam dama haka halittarta take, mai da baƙin mai take ƙonawa tare, amma waɗannan na yanzu bai kamata su yi hayaƙi ba. Kuma kada ka ba da ko sisi sai lambar inji da ta shasi sun dace da abin da ke kan rasit. Mashin ɗin sata ya yi yawa.

Tsohon ɗan acaɓa, Rigasa:
Oga makanike, a yi min afuwa, ban yarda ba. Roba-roba ta mai zuwa masallaci da cefane ce. Mutumin da zai ratsa gari kullum daga Malali har Kakuri, ga damina tana zuwa, Boxer ce daidai da shi. Tana jure rami, ba ta shan mai, kayanta kuwa ko a bakin layinku za ka samu, ranar da ka gaji da ita kuma kafin la'asar ka sami mai saye. Kuloci ba dodo ba ne. Filin firamare ranar Asabar, wani ya tsaya maka, ka yi ta tashi da tsayawa har hannunka ya gane inda yake kamawa.

Maganar gaisuwa kuma, mu da oda muke yi. Ɗan taɓawa ɗaya gajere, sannu ke nan. In ka ji ana jera ta, fasinja ake nema ko hanya. In na gaba ya kunna maka fitila da rana ko ya riƙa yin ƙasa-ƙasa da tafinsa, ba gaisuwa ba ce, cewa yake rage gudu, akwai abu a gaba. Amma a ce duk mai babur ka ɗaga masa hannu? Tsaya a Kawo da ƙarfe bakwai na safe ka ƙirga babura, sai ka gaya min da wane hannu za ka tuƙa.

Zumuncinmu ba a ɗaga hannu yake ba. Mai ya ƙare maka a Bypass, kana turawa, wanda bai taɓa ganinka ba zai rage gudu ya ce hau malam, ya ɗora ƙafarsa a matakin bayanka ya yi ta tura ka har gidan mai. Yana kai ka zai wuce, ko sunanka ba zai tambaya ba.

Baba na Kakuri:
Yaro, ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, da Vespa na yi zamanina. Abin da ka gani a bidiyo ba zai zauna a nan ba, dalili kuwa hannun da suke ɗagawa. Dama tana kan totur da birkin gaba, hagu ce kawai take da sarari. To wane ɗan arziki ne zai gai da surukinsa da hagu? Kafin ka isa gida labari ya riga ka. Mu a Vespa ma babu wannan zaɓin, domin giya da kuloci duk a hannun hagu suke, murɗawa ake yi.

Abin da muka tashi muka tarar: in ka zo wuce majalisar dattawa sai ka rage gudu, ka ɗan sunkuyar da kai, ka yi sallama da baki a ji ka. In akwai sa'an mahaifinka a ciki, ka tsaya, ka kashe mashin, ka sauka. Mutumin ake gaisarwa, ba abin hawansa ba. Yanzu yaro zai wuce ni a guje ya danna oda, wai ya gaishe ni ke nan. Ina amsawa dai.

Mai fawa baik, Barnawa:
Allah ya ƙara girma Baba, maganarka dutse. Ɗan Malali, abin da ka gani al'adar Amurka ce, yatsu biyun nan ana fassara su da cewa Allah ya bar tayoyinka biyu a ƙasa. A Ingila ba sa yi, kai suke gyaɗawa, saboda ta hagu suke tuƙi, mai zuwa yana wucewa ta damarka inda hannu ba ya sakuwa. A Faransa in mota ta ba su hanya ƙafa suke miƙawa, godiya ke nan. Mu ma da ta hagu muke tuƙi har 1972 da aka koma dama, Baba zai fi ni bayani.

Mu masu manyan mashina muna yi a tsakaninmu, musamman in mun fita hanyar Zariya ranar Lahadi, don ba mu da yawa, kusan kowa ya san kowa. Na taɓa yi wa wani mai Boxer wajen Maraban Jos, bawan Allah ya ja birki ya sauka yana duba tayarsa, ya zaci faci nake nuna masa.

Kuma kada wani ya rena maka roba-roba. Asalin ƙirarta daga Honda Super Cub ne da aka fara yi a Japan a 1958, an ƙera sama da miliyan 100. Abin da ba zan so ba shi ne ka ga irin nawa ya burge ka. 600cc ba ya yi wa ɗan koyo uzuri.

Baba na Kakuri:
Na ga 1972 da idona. A shataletale aka sha kallo, kowa yana leƙen inda ya saba. Sai da aka ɗauki lokaci kafin kai ya saba.

Maman 'yan biyu, Unguwar Rimi:
Ni ba na tuƙi, amma na daɗe a bayan babur, a bar ni in tofa. Maigidana ba ya wuce kowa bai gaisa ba, waiwaye har da ba'a, ni kuwa a baya ina ta salati. Shi ya ƙware. Kai da ba ka ƙware ba, ɗan uwa, kada ka gai da kowa, duk inda idonka ya tafi can mashin zai bi. Wanda ya ji haushi ka je gidansa da yamma ku gaisa.

Kada ka goya iyali sai hannunka ya faɗa. In ka fara, ta tattare hijabinta ta danne a cinya kafin ka tashi. Maƙwabciyata bakin hijabinta ya shiga tayar baya a layinmu, Allah ya sa ba gudu ake ba, amma ta yi jinyar wuya. Ku maza ma babbar riga haka take yi. Yara kuma a sauke su ta hagu, salansa tana dama, tabonta ba ya ɓacewa.

Makanike, Tsohuwar Panteka:
Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: birki. Wasu suna cewa kada a taɓa na gaba sam, ba haka ba ne, shi ya fi tsayar da mashin a kan kwalta. A hankali ake matsa shi tare da na ƙafa. Inda ake gudunsa shi ne kan yashi da cikin kwana. Bayan ruwa duk gefen titi yashi ne, ka kiyaye.

Ɗan Malali:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, in sha Allah ba za a kawo maka ƙarata ba. Roba-roba zan fara da ita, in hannu ya faɗa sai a duba Boxer. Oga makanike, akwai wata ta hannu da aka yi min tallarta a Hayin Banki, za ka samu zuwa mu gani?

Makanike, Tsohuwar Panteka:
Asabar bayan asuba. Ka ce masa kada ya tayar da ita sai mun zo, ya fito da rasit. Kuɗin da ka ware kuma ka cire na hular kwano da na lamba tukuna, abin da ya rage shi za mu yi ciniki a kai.