Muhawara: Shin mulkin kama-karya ya fi iya maganin 'yan ta'adda?

Baban Nana, Kubwa: Ni dai ina kan bakana. Ran da bam ya tashi, gwamnatin da ba ta jiran majalisa ko kotu ita ce mai zafin nama. Ta toshe hanyoyi, ta katse layukan waya, ta kwashe waɗanda take zargi kafin gari ya waye. Dimokuraɗiyya kuwa sai an kafa kwamiti.

Maman Yusra, Gwarimpa: Zafin nama ba ya ceton rai shi kaɗai, Baban Nana. Dubi gidan wasan kwaikwayon Mosko, inda mahara suka yi garkuwa da 'yan kallo a Oktoba 2002. Dakarun Rasha sun hura gas mai sa barci ta bututun iska, suka kashe maharan. Amma aka ƙi gaya wa likitoci wane sinadari ne, motocin asibiti ba su isa ba, aka shimfiɗe mutane rigingine a bakin ƙofa, harshe ya toshe wa wasu numfashi. Kusan mutum 130 suka mutu, galibi gas ɗin ne ajalinsu. A harin makarantar Beslan da ke Rasha, 2004, fiye da 330 suka mutu, sama da rabi yara. Bayan kwana goma Putin ya sanar da soke zaɓen gwamnoni. Me ya haɗa zaɓe da harin makaranta?

Ɗan Nyanya: Hajiya, ai masu zaɓen ma ba su da sanyin hannu. Kwana 45 bayan harin 11 ga Satumba Amurka ta yi dokar Patriot, mai ƙara wa jami'an tsaro ikon sa ido. Faransa ta kusan shekara 2 cikin dokar ta-ɓaci daga 2015. Mu nan a 2013 an yanke waya a Borno wata da watanni.

Malam na Garki: A makon farko kowa zare ido yake yi. Bambancin daga baya yake fitowa, wurin tuhuma. A Sifen, 2004, gwamnati ta ɗora harin jiragen ƙasa na Madrid kan ETA, ƙungiyar 'yan awaren yankin Basque, alhali ba su ba ne. Kwana 3 tsakani masu zaɓe suka kayar da ita. Kotun Ƙolin Amurka a 2008 ta ba fursunonin Guantanamo damar ƙalubalantar tsarewarsu. A Mali kuwa, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe aƙalla mutum 500 a samamen soja a garin Moura a 2022, sojojin da ke mulki suka yi fatali da rahoton, wata guda bayan haka suka nemi MINUSMA, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Majalisar, ta tattara nata ya-nata.

Baban Nana: To Malam, Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, fa? A hannun 'yan sanda aka kashe shi a 2009, lokacin farar hula, wutar ta ƙara ruruwa.

Maman Yusra: Wannan kam ka kama mu. Sai dai iyalan surukinsa Baba Fugu, wanda shi ma aka kashe a tsare, sun kai ƙara babbar kotu a Maiduguri, ta yanke musu diyyar naira miliyan 100. Mutanen Moura wace kotu za su je?