Neman shawara: a wane layi zan saka LibreOffice a kunshin manhajata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wata ƙaramar manhaja da Python mai fitar wa masu shago rasit, na haɗa ta a kunshin .deb don masu Debian da Ubuntu, wato nau'o'in Linux. Duk abin da take taɓawa na zuba shi a layin Depends na fayil ɗin debian/control, inda ake jera manhajojin da kunshi ya dogara da su, har da manhajar ofis ta LibreOffice, don da shi take mayar da rasit PDF. Jiya wani da na ba shi ya kira ni yana ƙorafi: manhajar da ba ta kai megabait ɗaya ba ta jawo masa ɗaruruwan megabait, datarsa ta ƙare ana tsakiyar saukewa. Shi kuwa firinta kawai yake so, babu ruwansa da PDF. Ya zan yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Depends na abin da in babu shi manhajar ba za ta tashi ba ne. Ka mayar da LibreOffice layin Recommends, shi ke nan.

Amsa ta biyu: A'a ɗan'uwa, ba a rabu da Bukar ba ke nan. Shekara da shekaru apt, manhajar da ke girka kunshi a Debian, na girka duk abin da ke Recommends da kansa, sai in mutum ya ƙara --no-install-recommends, wanda mai shago ba zai taɓa sani ba. A ƙa'idar Debian, Recommends na abin da kusan kowa zai buƙata tare da manhajar ne. Naka layin Suggests ne: apt zai ambace shi kawai ya wuce.

Amma Malam, gyaran ba a control kaɗai yake ba. Da zarar ka cire LibreOffice daga Depends, nauyi ya dawo kan lambar da ka rubuta. Kafin ta fara aikin PDF, ta duba ko akwai LibreOffice a kwamfutar da shutil.which("soffice"). In ba ta same shi ba, ta gaya wa mutum da Hausa abin da zai girka, ba ta watso masa jan rubutu ta mutu ba. Kuma libreoffice-writer, wato sashen rubutu, za ka rubuta, ba libreoffice gaba ɗaya ba, wanda ke jawo har da sauran sassansa irin su Impress da Draw.

Amsa ta uku: Ni abin da ke ba ni haushi da Suggests shi ne ba ya faɗin dalili, suna ne zalla. A Arch, wani nau'in Linux, layin optdepends na ba ka damar rubuta amfanin kowane ɗaya a gefensa. Tunda Debian ba ta da wannan, ka sa bayanin a layin Description, inda ake bayanin kunshin. Sannan ka gwada kunshin a sabuwar Debian wadda ba komai a ciki, cikin Docker, manhajar da ke ba ka keɓantaccen wurin gwaji a kwamfutarka. A kwamfutarka komai zai yi aiki tunda tana cike, a nan ake ruɗuwa.

Amsa ta huɗu: Wai don rasit ake ɗauko LibreOffice? Ka duba python3-reportlab, yana fitar da PDF kai tsaye, bai kai ko kusa da nauyin wancan ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na mayar da LibreOffice Suggests, na gwada a Docker, sai ga wata ɓaraka: ashe python3-pil, mai sarrafa hotuna, nake amfani da shi wajen tambarin shago ban taɓa rubuta shi a Depends ba. ReportLab kuma sai ƙarshen mako in Allah Ya kai mu.