Shekara 14 ina tuƙi: shin kwas ɗin ƙarin ƙwarewa zai ƙara mini wani abu?

Baban Sadiya, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar tuƙi. Shekarata 14 ke nan ina tuƙa mota, kuma tun da aka mayar da ni aiki Kaduna alhali iyalina suna Kano, kusan kowace Juma'a ina kan hanya, in koma ranar Lahadi da yamma. A duk tsawon wannan lokaci ban taɓa buge kowa ba, saboda haka na ɗauki kaina a cikin waɗanda suka iya mota.

Makonni uku da suka wuce, muna tahowa Kano tare da maiɗakina da yara biyu da suka je mini hutu, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai tayar baya ta hannun dama ta fashe. Ban san lokacin da ƙafata ta danne birki ba. Motar ta ƙwace, ta juya ta fuskanci inda muka fito, sannan ta gangara gefen titi ta tsaya a cikin gonar dawa. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni in ban da ƙaramar 'yata da ta bugu a goshi, domin a tsaye take tsakanin kujeru. Wani direban motar haya da ya tsaya ya taimake mu ya ce da ni, “Alhaji, ai ba a taka birki idan taya ta fashe.” Abin da ya hana ni barci tun ranar shi ne na san wannan magana, na sha jin ta, amma a lokacin da nake bukatarta kaina ne kawai ya san ta, ƙafata ba ta sani ba.

Wani abokin aikina ya ce in je in yi kwas ɗin da ake yi wa waɗanda suka riga suka iya mota, wanda ake kira tuƙin kariya. Shin wanda ya daɗe yana tuƙi zai ƙaru da wani abu a can, ko kuwa kuɗi ne kawai zan kashe in karɓo takarda?

Tsohon Direba, Zariya

Wa alaikumus salam. Ɗana, barka da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa, ya ba yarinya lafiya.

Ni a tasha na koyi mota, ina yaron mota, shekara huɗu ina wanke gilashi da ɗaura kaya kafin maigidana ya bar ni in riƙe sitiyari. Na yi shekara 11 ina haya kafin in sami aiki da wata ƙungiyar agaji, kuma su ba sa ba mutum makulli sai ya yi irin kwas ɗin da kake magana a kai. Raina bai so ba ko kaɗan, domin malamin da zai koyar da mu ko gemu bai tara ba, ina ganin na fara tuƙi tun yana makarantar firamare.

Ran farko ya kai mu wani fili, ya ja layi da farar ƙasa, ya ba kowannenmu jarkar da babu komai a ciki. Ya ce zai taho da gudun kilomita 40, ya taka birki daidai kan layin, kowa ya ajiye jarkarsa inda yake zaton motar za ta tsaya. Yawancinmu mun kusa dacewa. Sai ya ce to yanzu zai taho da 80. Dukanmu, mu tara, muka ninka tazarar sau biyu, tun da gudun ma sau biyu aka ninka. Motar ta tattake jarkokin nan gaba ɗaya, ta wuce su da nisa kafin ta tsaya. A nan ya bayyana mana cewa idan gudu ya ninku sau biyu, tazarar da birki ke bukata sau huɗu take ninkuwa. A busasshiyar kwalta, motar da ke gudun 50 takan ci kimanin mita 14 bayan an taka birki, wadda ke gudun 100 kuwa takan ci kimanin mita 55, ban da abin da ta riga ta cinye kafin ƙafa ta tashi daga totur ta isa birki, domin a gudun 100 kowace daƙiƙa ɗaya mita 28 ce. Da baki aka gaya mini wannan da na yi musu, amma da idona na ga jarkata a ƙarƙashin mota.

Abin da ya fi canza tuƙina shi ne wani darasi da ake sa mutum ya riƙa faɗin duk abin da yake gani da babbar murya yana tuƙi: ga ɗan acaɓa zai fito daga lungu, ga akuya a gefen dama, ga tirela ta tsaya babu alama, ga yaro ya saki hannun uwarsa. Da malamin ya zauna kusa da ni, sai na gane cewa idona bai wuce bayan motar da ke gabana ba, shi kuwa yana ambaton abin da ke can gaba da mota biyar. Daga nan ne aka koya mana barin tazarar daƙiƙa uku: idan motar gabanka ta wuce wata alama, misali turken lantarki, ka ƙirga uku a natse kafin kai ma ka iso wurin, a ruwan sama ko hazo kuma ka ninka.

Game da fashewar taya, babu wanda zai fasa maka taya don ka gwada. Abin da ake yi shi ne maimaici, har hannu ya saba da ƙanƙame sitiyari, ƙafa ta saba da sakin totur a hankali, a bar mota ta rage gudu da kanta, sai ta lafa sannan a taɓa birki a sauka gefe. Shekaru bayan haka tayar gaba ta fashe mini a hanyar Birnin Gwari da mutum shida a mota, kuma sai bayan na tsaya na lura cewa ban taɓa birki ba. Ka je ka yi, ɗana.

Maman Ilham, Kaduna

Yaya, barka da arziki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen da ake fara kawo waɗanda suka yi haɗari, kuma maganar yarinyar da ke tsaye tsakanin kujeru ce ta sa na kasa wucewa ban ce komai ba. Yawancin yaran da aka kawo mana da rauni a ka, ko dai a tsaye suke, ko kuma a kan cinyar uwa a kujerar gaba. Uwa tana ganin ta riƙe ɗanta, amma idan mota ta yi karo da gudu babu hannun da zai iya riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da abin da ya kai rabi. Don Allah, ko ka yi kwas ko ba ka yi ba, daga yau kowa ya zauna ya ɗaura, har na baya.

Na yi kwas ɗin na kwana uku bayan na shekara shida ina tuƙi. Abin da na fi amfana da shi shi ne sanin birkin motata. Tana da ABS, kuma sau biyu a baya na taka birki da ƙarfi na ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, na tsorata na ɗaga ƙafa ina zaton wani abu ya lalace. Ashe aikinsa ke nan, yana hana tayoyi daskarewa don direba ya iya kauce wa abin da ke gabansa, abin da ake so kuwa shi ne a danne kada a saki. Sai da malamar ta sa na maimaita sau takwas a fili kafin tsoron ya bar ni.

A can ne kuma aka nuna mini lambobi huɗu da ke jikin kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ka duba wadda ta fashe idan ba ka yar da ita ba. Tayar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta bushe, zafin kwaltarmu a watan Afrilu kuwa ba ya raga mata. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, ba a bar wa mai faci ya ƙiyasta da bugun ƙarfe ba.

Abu Fatima, Katsina

Malam Baban Sadiya, ni malamin tuƙi ne, don haka kana iya cewa ina kare sana'ata ne, amma zan fara da gargaɗi. Ba kowane kwas ne ke rage haɗari ba, wani ma ƙarawa yake yi. A ƙasar Norway an taɓa wajabta wa sababbin direbobi koyon sarrafa mota a kan hanya mai santsi, daga baya bincike ya nuna haɗurran samari maza a irin wannan hanya ƙaruwa suka yi, domin wanda ya dawo da mota kan hanya sau biyu a filin koyo yakan fito yana jin babu abin da zai gagare shi, sai ya ƙara gudu. Saboda haka idan ka je makaranta ka tarar abin alfaharinsu shi ne juya mota da birkin hannu da tayar da ƙura, ka koma da kuɗinka. Kwas mai amfani shi ne wanda za ka fito daga cikinsa kana shakkar gudu fiye da yadda ka shiga.

Akwai kuma masu karɓar kuɗi su tara mutane a ɗaki ɗaya, a nuna musu hotunan haɗari, a raba takardar shaida da la'asar. Kafin ka biya ka tambaya ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta tantance makarantar, domin tana da tsarin tantance makarantun tuƙi. Ka tambayi sa'o'i nawa za ka yi a bayan sitiyari, mutum nawa ne a kan malami ɗaya, kuma ko za a fita da kai kan babbar hanya. Idan sun yarda ka zo da motarka ya fi, tun da ita za ka ci gaba da tuƙawa. Da yake Zariya tana kan hanyarka, kana iya tsayawa a Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986 don horar da ma'aikatan sufuri, ka tambayi abin da suke da shi na direbobi.

A ganina tsofaffin hannu irinka sun fi sababbi wahalar koyarwa, amma sun fi su amfana. Mafi yawanmu tuƙi muka koya daga yaya ko aboki, muka gaji kurakuransa tare da gwanintarsa. Na sha zama kusa da mutumin da ya shekara 20 yana tuƙi, yana sauka gangara da giya a sake don ya rage shan mai, bai san cewa a gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo birki yakan yi zafi har ya daina kamawa ba, kuma ƙaramar giya ce ya kamata ta riƙe motar. Wani kuma yana kunna dogon haske a cikin hazon hunturu, hasken ya dawo masa a ido. Da yawa ba su san cewa ƙa'idar gudun motar gida ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ba.

Ɗan Tasha, Funtuwa

Da girmamawa ga iyayenmu da suka yi magana, ni ina ganin kwas ba ya cike rami, kuma ba ya hana tirela yin aron hannu ta fito maka a kwana. Mu da muke kwana a hanya mun san abin da ke kashe mutane, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Tsohon Direba, Zariya

Gaskiyarka, ɗana, ramin yana nan, mai aron hannu ma yana nan, kuma saboda su ne aka yi kwas ɗin, domin da hanya lafiya take kuma kowa yana bin doka, da lasisi kaɗai ya isa. Ba ni da iko a kan direban tirela, amma ina da iko a kan gudun da zan shiga kwana da shi, da kuma ko zan tashi da asuba bayan na yi barci ko zan kama hanya ƙarfe 11 na dare ina gyangyaɗi. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, sai dai wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Abokan aikina uku na binne waɗanda suka fi ni iya sarrafa mota nesa ba kusa ba.

Baban Sadiya, Kano

Na gode ƙwarai, Baba, da ke Maman Ilham, da Malam Abu Fatima, har da Ɗan Tasha. Tayar tana nan a but, kuma yanzu na fita da fitilar waya na duba: 1916 aka rubuta, wato mako na 19 na shekarar 2016, ni kuwa bara na saye ta a matsayin mai sauran kwana. Ta hagu ma tare na saye su, don haka motar ba za ta sake hawa babbar hanya ba sai na canza ta. Ranar Juma'a, in Allah ya yarda, zan tashi da wuri in tsaya Zariya in yi tambayoyin da Malam ya lissafa. Maman Ilham, idan da hali ki gaya mini irin kujerar da ta dace da yarinya 'yar shekara huɗu, da yadda ake ɗaure ta a kujerar baya.