Wuyan lamar nan ya ƙi tsayawa: ku zo mu ji yadda kowa ta ƙare da tata

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙe kwarashi. Kuka na kawo, kuma ina roƙon duk wadda ta taɓa shiga irin halin nan ta faɗi yadda ta fita. 'Yar ƙanwata za ta cika shekara 2 a wata mai kamawa, na ce bana ba riga zan kai ba, abin wasa zan saƙa mata. Ina cikin duba hotuna a waya na ci karo da wata dabba mai dogon wuya, an ɗora mata ɗan bargo mai launi-launi a gadon baya, ga ƙwallo a gefenta kalar bargon. Lama ake ce mata. Irin saƙar nan ce ta ƙananan dabbobi da ake cusa wa auduga, wadda Japanawa ke kira amigurumi. Ni da na shekara 8 ina saƙa safa da hular jarirai, na ɗauka wannan aikin yini biyu ne.

Yau kwana 9 ke nan. Jiki ya fito, ƙafafu huɗu sun fito, amma wuyan da na ɗinka ya langaɓe gefe guda kamar kazar da mura ta kama. Auduga kuma sai leƙowa take ta ramukan saƙar. Jiya Baban 'Yan Biyu ya shigo ya ɗauke ta ya jujjuya, ya ce, "Jakin nan ba shi da lafiya ne?" Ƙwallon kuwa ko fara shi ban yi ba.

Antin Yara, Kaduna:
Wa'alaikumus salam. Maman 'Yan Biyu, kin fara daga inda ya kamata ki ƙare. Ajiye lamar nan a leda ki ɗauko ƙwallon. Duk abin da ke jikin lama, kai ne ko ciki ko ƙafa, ƙwallo ne aka ja shi ko aka matse shi. Ni sai da na ɓata lama biyu kafin na yarda da haka.

Ga lissafin da nake bi. Ki yi zoben nan da ake zuge shi ya rufe, ki sa ƙulli 6 a ciki. Zagaye na biyu ki ninka su zama 12, daga nan kowane zagaye ki ƙara 6: 18, 24, 30, 36. Sai ki yi zagaye 6 ko 7 ba ƙari ba ragi, sannan ki gangaro yadda kika hau: 30, 24, 18. A nan za ki tsaya ki cusa auduga tun baki bai tsuke ba, ki ci gaba 12, 6, ki zuge da allura. Abu ɗaya: kada ki riƙa yin ƙarin a wuri guda kowane zagaye, in ba haka ba ƙwallon zai fito da kusurwa shida kamar ramin saƙar zuma. Ki riƙa gusar da wurin.

Maganar audugar da ke leƙowa kuma, wane kwarashi kike amfani da shi?

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Wanda nake hula da shi, Anti. An rubuta 4.5 a jikinsa.

Antin Yara, Kaduna:
To ga ɓarawon nan. Hula ana son ta yi laushi ta ba da iska, wannan kuwa buhu kike saƙawa, so ake ya kame. Da ulun nan namu na kasuwa ni kwarashi mai lamba 3 nake sawa, wanda ya fi naki siranta, in ulun siriri ne 2.5. Yatsu za su yi ciwo a kwanakin farko, kada ki ce ban faɗa miki ba.

'Yar Damagaram:
Ina gaishe ku duka daga nan Nijar. Dariya ta hana ni rubutu da na karanta maganar jaki, don tawa ta farko raƙumi ta fito, sak. Na saƙa da ulu ruwan ƙasa saboda shi ne ya rage min, na ja wuyan ya yi tsawo, na yi ƙananan kunnuwa. Yaran gida na gani suka hau tafi suna "raƙumi, raƙumi". Na yi ta musu da su har na gaji. A ƙarshe na saƙa ɗan rabin ƙwallo na ɗinka a baya ya zama tozo, na huta. Wata maƙwabciya ta saya wa ɗanta, har yau ba ta san da lama aka nufa ba.

Ba laifin yaran ba ne, dangi ne su biyun, lama dai ba ta da tozo. Abin da na gane daga baya, kunne ne ke raba su. Na lama dogaye ne, a tsaye, sun ɗan lanƙwaso ciki kamar ayaba. In kin yi su gajeru ta zama raƙumi, in kin bar su sun kwanta ta zama tunkiyar Balami.

Uwar Ɗaki, Zariya:
Ni gargaɗi na zo yi, don abin da ya same ni bai kamata ya sami wata ba. Wuyan tawa ma ya faɗi, sai dabara ta zo min, na ɗauko tsinken tsire na wanke na soka tun daga kai har ciki. Ta miƙe tsaf, har hoto na ɗauka na tura wa ƙawaye. Sati bai cika ba ɗana ya zauna a kanta, tsinken ya karye, tsininsa ya huda saƙar ya fito ta ƙirji. Allah ne ya kiyaye, karce kawai ya yi masa a cinya. Ranar na sha faɗa wurin uwar mijina, kuma ban ce uffan ba don gaskiyarta ce.

Tun daga nan ba tsinke, ba waya, ba kara a abin wasan yaro. Abin da nake yi yanzu, ina yanko ƙyallen tsohuwar atamfa mai faɗin tsawon wuyan da ɗan ƙari, in naɗe shi tam kamar tabarma, in ɗaure da zare, in tura shi cikin wuyan yadda gindinsa zai nutse cikin jikin. Sai in bi gefe da gefe da auduga kaɗan-kaɗan, ina dannawa da bayan fensir. Yana tsayawa, yana lanƙwasuwa in yaro ya danne, kuma yana wankuwa.

Maman Boy, Jos:
Dabarar atamfa tana aiki, na gwada. Amma ni a ganina ciwon daga ɗinki yake. Wuyan da aka saƙa daban aka zo aka liƙa, a bakin ɗinkin nan yake karyewa, don nan ne auduga ba ta cika kaiwa. Yanzu a haɗe nake saƙa kai da wuya da jiki, ba yanka zare. Kuma gindin wuyan ya fi samansa faɗi: in sama ƙulli 12 ne, kafin ya iso jiki na kai shi 18. Sannan ku rage girman kai, don Allah. Muna son babban kai saboda ya fi kyau a hoto, alhali shi ne kayan da wuyan ya kasa ɗauka.

Uwar Ɗaki, Zariya:
Maman Boy, a haɗen nan fa sai wadda hannunta ya faɗa. Mai koyo in ta ɓata lissafi a wuya sai ta warware har kai.

Maman Boy, Jos:
Ta warware mana, Yaya. Wa ya taɓa iya saƙa bai yi warwara ba? Ta dai sa ɗan zare mai wani launi a farkon kowane zagaye, don saƙar nan kewayawa take kamar katantanwa, ba ta da wurin tsayawa. Waya na ƙara ko yaro ya kira ki, lissafi ya tafi.

Baƙuwar Amurka:
Sannunku da aiki. Ni na ga lama ido da ido a wata gona a nan, muka kai yara. Ta fi yadda nake zato girma, in ta miƙe wuya kanta ya kai tsayin babban mutum, kuma mai gonar ya ce mu ja baya in ta kwantar da kunne, don tofar da yawu take in ranta ya ɓaci. Asalinta tsaunukan Andis ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda ake ɗora mata kaya. Bargon nan da tuntayen da muke kwaikwayo daga can suka samo asali, makiyaya na ɗaura musu zaren ulu mai launi a kunne. Akwai ƙanwarta alfaka, ta fi ta ƙanƙanta da gajeren kunne da yawan gashi, ita aka fi kiwo don ulu. Da yawa cikin hotunan da ke yawo an cakuɗa su biyun.

Abu biyu da suka ba ni wahala. Na farko, tsarin saƙa na 'yan Amurka da na 'yan Ingila sunayensu sun saɓa: gajeren ƙullin da Amurkawa ke kira guda, shi 'yan Ingila ke kira biyu. Na bi tsarin wata 'yar Ingila da fahimtar Amurkawa, na yi dogon ƙulli, lamar ta fito kamar raga, sai ka zura yatsa ta ramin. Amigurumi kusan duka da gajeren ƙullin nan ake yi, in kin ga an ce biyu, ki bincika daga ina mai tsarin take.

Na biyu ya fi muhimmanci tunda yarinyar shekara 2 ce. Idanun robar nan da ake maƙalawa ta baya, kada ki sa. Ba a ba wa yaron da bai kai shekara 3 ba, haka maɓalli, haka dutsen ado. Ki ɗinka ido da baƙin zare, ɗan layi a lanƙwashe kamar tana barci, ya ma fi kyau. Ƙwallon kuma kada ya yi ƙanƙanta. A nan doka ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 3 ƙwallon da faɗinsa bai wuce inci 1.75 ba, wajen santimita 4 da rabi ke nan, saboda shaƙewa. Lissafin 36 da Anti ta bayar ya kamata ya wuce haka, amma ki auna bayan kin cusa.

Hajiya Kaka, Katsina:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Jikata ce ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Mu a zamaninmu da ƙashi da kara da tsumma muke 'yar tsana, yanzu ga shi har dabbar wata duniya kuke saƙawa. Na saƙa guda ɗaya bara don kada a bar ni a baya. Na cusa mata audugar rimi da na ciro daga tsohon matashi. Ba nauyi, ga laushi, amma da aka wanke sai ta dunƙule wuri guda, wuyan ya zama fanko. Jikata ta kawo min farar audugar roba irin ta cikin filon zamani, ita ce ta jure wanki.

Da malamin gidan nan ya gani ya yi maganar mutum-mutumi. Na ce masa ai ya fi ni sanin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai. Ya ce haka ne, na wasan yara daban, amma kada a jera a falo don ado. Wasu kuma sukan bar fuskar ba ido ba baki don hankalinsu ya kwanta. Kowa ta tambayi malaminta.

'Yar Auta, Sakkwato:
Hajiya, ina wuni. Ni jan ulu ne ya yi min tsiya. Na yi lamar fara fat, bargo da ƙwallo ja da ɗorawa da shuɗi. Wankin farko jan ya zuba, lamar ta koma kalar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Kuka ne kawai ban yi ba. Yanzu kafin in fara sai na yanki ɗan guntu na jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, na matse a farin ƙyalle. In ya bar alama, ba zai hau jikin farin aiki ba. Kuma ku sayi ulun da zai ishe ku lokaci guda, don farin yau da na sati mai zuwa ba lallai su zo ɗaya ba.

Mai son gashi buzu-buzu, na gwada ulun nan mai gashi, ba ki ganin inda za ki soka kwarashi, lalube kawai. Ya fi sauƙi ki saƙa da ulun roba na yau da kullum, in kin gama ki bi jikin da buroshi mai haƙoran ƙarfe a hankali, gashin zai tashi. Zaren auduga ba ya tashi haka. Amma na ƙaramin yaro mai kai komai baki, ki bar shi sumul.

Antin Yara, Kaduna:
Na manta ƙafafu. Kafin ki ɗinka, ki kafe huɗun da fil ki tsayar da ita a kan faranti. Na gaban su ɗan matso gaba, ƙarƙashin wuya, in ba haka ba za ta riƙa kifawa da baki. Ki ƙirga fil ɗin da kika sa, ki ƙirga wanda kika cire.

Maman 'Yan Biyu, Kano:
Na dawo da rahoto, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sayo kwarashi mai lamba 3, na fara da ƙwallo kamar yadda Anti ta ce. Na farko ya fito kamar ƙwan zabo, na biyu ya yi daidai, na yi masa zobe-zobe kore da ɗorawa, ja kam na fasa bayan labarin 'Yar Auta. Lamar kuma na warware ta gaba ɗaya. Na bi Maman Boy na saƙa a haɗe, na kuma sa naɗin atamfar Uwar Ɗaki, don ban yarda da hannuna ba tukuna. Ido na zare, kunne dogaye. Ƙafar baya ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta, na bar ta haka, yatsana ya riga ya yi kanta.

Jiya muka kai. Yarinyar ta kama lamar ta wuya, ta ja ta a ƙasa daga ɗaki har tsakar gida, wuyan bai ce komai ba. Daga nan ta yar da ita a gindin randa ta bi ƙwallon, da shi ta yi barci. Uwarta ta ɗauki lamar ta kakkaɓe ƙura, ta ce, "Yaya, wallahi raƙumin nan ya yi kyau."