Su wa Dakta ya kira jahilai? Cacar bakin da ta ɓarke a zauren tsofaffin ɗalibai

Dakta (daga Amurka): Salamu alaikum. Kwana biyu na yi shiru ba wanda ya ce ina nake, to yau zan amayar da abin da ke cikina. Shekara huɗu ina binciken cutar sikila a wani ɗakin gwaje-gwaje a nan. Ranar Talata shugaban sashenmu ya tara mu ya ce kuɗin da gwamnati ke ba mu ya tsaya, mutum biyu za su tafi ƙarshen wata. Muna da firiza cike da jinin da muka sha wahalar tattarawa daga marasa lafiya, kowace kwalba da lambarta, ba wanda ya san makomarta. Na dawo gida na gaya wa maƙwabcina, wani dattijo mai jar hular nan ta Trump. Ya dafa kafaɗata ya ce ya tausaya min, amma ai jami'o'i sun daɗe suna cin kuɗin talaka suna kuma raina shi. Abin da masu sassaucin ra'ayi suka daɗe suna kuka a kai ke nan: 'yan siyasar riƙau masu cin kasuwa da fushin talaka sun mayar da karatu abin zagi. Trump da bakinsa ya ce a Nevada a 2016 yana ƙaunar marasa zurfin karatu. Vance, mataimakinsa, ya yi jawabi a 2021 ya ce jami'o'i abokan gaba ne. A Afrilun 2025 suka riƙe wa jami'ar Harvard sama da dala biliyan 2. A Agusta da alƙaluman samar da aikin yi suka fito ba yadda yake so ba, sai Trump ya kori shugabar ofishin da ke ƙididdigar. An bar jaki ana dukan taiki. Ƙasar da jahilai ke zaɓa mata shugaba, me kuke tsammani?

Alhaji na Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo mafita, Dakta. Amma tsaya, su wa kake kira jahilai?

Dakta: Alhaji, masu zaɓen mutumin da ya tsaya gaban likitoci a 2020 yana tambaya ko za a iya yi wa masu korona allurar maganin goge ƙasa.

Alhaji na Kantin Kwari: A'a, ka ce jahilai don ba su yi boko ba. Mahaifiyata ba ta taɓa zama a benci ba. Ta sauke Alƙur'ani, tana riƙe lissafin adashen mata arba'in a kanta, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Da kuɗin ƙosanta na fara kasuwa. Ita ma jahila ce?

Dakta: Subhanallah, ina ni ina Hajiya? Maganar Amurka nake yi.

Alhaji na Kantin Kwari: Ai magana zarar bunu ce. Abin da kake faɗa a kan dattijon can shi kake faɗa a kanmu in ba ma nan.

Ustaz: Bari in ɗan sa baki. Malamai sun kasa jahilci gida biyu. Akwai wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba, wannan da sauƙi, tambaya ce maganinsa. Akwai wanda bai sani ba kuma yana ganin ya sani, wannan shi ne jahili murakkabi. Na biyun nan ana samunsa har da digiri uku. Don haka kalmar ba ta da alaƙa da takarda. Dakta ya yi kuskuren lafazi, ya janye.

Dakta: Malam, ai na biyun nake nufi.

Ustaz: To da ka faɗa tun farko.

Maman Hanif: Don Allah Yayyena, mutum ya zo da damuwar aikinsa, mun bar ta mun kama kalma ɗaya. Ku dubi Burazil. Bolsonaro, shugaban ƙasar na lokacin, ya kira korona 'yar mura. Ya kori ministan lafiyarsa Mandetta a Afrilun 2020, wanda ya gaje shi bai cika wata guda ba ya ajiye aiki. Mutum wajen dubu 700 suka mutu a ƙasar. Kafin nan a 2019 ya sauke shugaban hukumar binciken sararin samaniya don hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ana cinye dajin Amazon. Wannan fa ake magana a kai.

Lauya: Hajiya kin yi gaskiya, amma kalmar ce dai ba ta zauna ba, ta kowace fuska. Waɗannan mutanen ba jahilai ba ne. Vance a Yale ya karanta lauya. Michael Gove da ya ce a 2016, lokacin ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, wai mutanen Birtaniya sun gaji da masana, ɗan Oxford ne. Boris Johnson ma haka. Orbán na Hangari da ya matsa wa jami'ar da attajirin nan George Soros ya kafa har ta kwashe ta koma Vienna, da tallafin gidauniyar Soros ɗin ya je Oxford a 1989. Sun san abin da suke yi sarai. Suna zagin makaranta a kan mumbari, da dare su kai 'ya'yansu.

Alhaji na Kantin Kwari: Ka ji ko? Lauya ma ya ce ba jahilai ba ne.

Lauya: Alhaji, shugabannin na ce, ban yi maganar masu zaɓe ba tukuna.

Alhaji na Kantin Kwari: Wato masu zaɓen su ne jahilan? Kai ma ka shigo layin Dakta.

Lauya: Ban faɗa ba. Irin wannan lafazin ne ya kayar da Hillary Clinton a takararta da Trump. A Satumbar 2016 ta ce rabin magoya bayan Trump kwandon mutanen banza ne. Suka buga kalmar a riguna suna yawo da ita. Mutumin da masana'antar garinsu ta rufe, ka kira shi wawa, sannan ka ce ya fito ya zaɓe ka?

Injiniya: Ni tambayata ɗaya. Su waye masanan? Ba masana ne suka kawo mana SAP, shirin nan na tsuke bakin aljihu, a 1986 ba? Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, na san yadda tukunyarmu ta koma. Ba masana ne suka rantse a 2003 cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi ba? Ina suke? A 2008 bankuna suka durƙushe, aka ceto su da kuɗin jama'a, talaka ya rasa gidansa. Sannan a nan Kano a 1996 aka gwada wa yara maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau. Masu farar riga ne suka yi, ba 'yan dako ba. In talaka ya daina yarda da ku, ku binciki kanku.

Maman Hanif: Injiniya, ka taɓo inda nake aiki. Abin da aka yi a 1996 zalunci ne, ba mai musu. Amma me ya biyo baya? A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, aka yi watanni, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Akwai wani saurayi da ke zuwa asibitinmu, haihuwar wannan lokacin ne. Silifas yake sawa a hannu yana jan jiki. Uwarsa ta gaya min ranar da masu ɗigon suka zo mijinta ya kulle ƙofa, don an ce masa maganin hana haihuwa ne. Ba ta faɗa tana zagin mijin ba, kuka take yi. Sai 2020 aka ce mun rabu da cutar. A 2025 Amurka ta naɗa Robert Kennedy ministan lafiya, mutumin da ya yi suna wajen sa wa mutane shakkar rigakafi, a Yunin 2025 ya sallami duka mutum 17 na kwamitin da ke ba da shawara a kai. Ni na san ƙarshen wannan hanyar, na gan shi da silifas a hannu.

Injiniya: Allah Ya ba shi lafiya. Amma ba ki amsa min maganar SAP ba.

Baban Khalifa: Wai su wane ne ma masu sassaucin ra'ayin da Dakta ke kare wa? Ba su ne masu auren jinsi ba? Ba a hannunsu aka ragargaza Gaza ba? Musulmin garin Dearborn na Amurka ma sun juya musu baya a zaɓen 2024.

Dakta: Ɗaliban jami'o'in da ake yaƙa ɗin su ne suka kwana a tantuna saboda Gaza. Su ake soke wa biza yanzu.

Baban Khalifa: Ni dai na ga ka sa "jar hula" a maganarka ta farko. Da wa kake?

Dakta: Hular Trump ja ce, kowa ya sani.

Baban Khalifa: A Kano in aka ce jar hula an san su wa ake nufi. Kuma jagoranmu shi ya tura 'ya'yan talakawa karatu ƙasashen waje. Kar a haɗa mu da masu ƙin ilimi.

Sakatare: Ga shi nan, an fara. Kullum sai kun jawo mana Madugu. Wa ya ambace shi?

Baban Khalifa: Kai dama mun san gidan da kake.

Sakatare: Gidan da nake bai hana ni faɗin gaskiya ba. In siyasar talaka ake nema, Malam Aminu Kano ne ya yi ta, kuma malamin makaranta ne. Bai taɓa gaya wa talaka karatu abokin gabarsa ne ba.

Baban Khalifa: To hular Malam wace kala ce?

Ustaz: Kuma "ilmi" ake rubutawa, ba "ilimi" ba. Asalin kalmar Larabci ce.

Lauya: Malam, duka biyun ana rubutawa.

Alhaji na Kantin Kwari: Tunda ana maganar masu ilimi, Sakatare duba littafi. Gudunmawar gyaran rufin ajinmu, wa ya biya wa bai biya ba? Ni jahilin na ba da buhun siminti 20.

Dakta: Alhaji, yanzu na gaya muku aikina na rawa.

Alhaji na Kantin Kwari: Tun watan azumi ake karɓa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Zan taƙaita mu rufe. Abin da zaure ya fahimta shi ne, Dakta ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, kuma kusan kowa ya nuna masa haka, har Lauya. Ustaz ya tabbatar mana jahilci ba rashin boko ba ne. Injiniya ya kawo hujjoji masu nauyi, SAP da Iraƙi da Trovan, ba wanda ya iya rushe su. An kuma ga cewa girman kan 'yan boko ne ya haifi Trump da ire-irensa, mu da muke kasuwa mun daɗe da sanin wannan. Maman Hanif ta ba da labari mai taɓa zuciya, mun gode. Maganar hula ba da mu ake ba, an wuce wurin. Masu bashin gudunmawa su tuntuɓi Sakatare kafin Juma'a.

Maman Hanif: Ranka ya daɗe, ba labari na bayar ba, hujja na kawo. Ina Burazil a taƙaitawarka? Ina mutum 17 ɗin?

Lauya: Ni ma ban ce abin da aka ce na ce ba.

Shugaban Zaure: An rufe, Hajiya.

Maman Hanif: Dakta, jinin da ke firizar fa, na yara nawa ne?

Alhaji na Kantin Kwari: Ya fara janye kalmar tukuna.