Tsohon shayin ulong ya ƙi ba ni ɗanɗanon da na ji a Guangzhou

Mai Atamfa, Kano:
Assalamu alaikum. A tafiyata ta ƙarshe, wani abokin cinikina ya kai ni kasuwar shayi ta Fangcun da ke Guangzhou. Aka haɗa mana tsohon ulong (wani nau'in ganyen shayin Sin), irin wanda suke kira Tieguanyin, mai shagon ya ce ya shekara 15 a ajiye. Wallahi ban taɓa shan irinsa ba. Launinsa kamar baƙar zuma, ga ɗan tsami irin na busasshiyar magarya, kuma bayan ka haɗiye zaƙi yakan daɗe a maƙogwaro, alhali ba a sa sukari ba. Na sayo giram 250. Da na haɗa a gida sai ruwa lami, ga ɗan warin tsohuwar adaka. Ina sa cokali ɗaya a babban kofi, in tsiyayo ruwa daga flas. Don Allah, an canza mini ganye ne, ko haɗawar ce ban iya ba?

Ɗalibi a Xiamen:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ina kyautata zaton ganyenku lafiya lau yake, ruwan flas ɗin ne. Anxi, inda ake noman Tieguanyin, tana nan kusa da mu a lardin Fujian, na sha zama da masu shayin. Wannan ganye an murɗe shi ƙulu-ƙulu, an gasa shi, sannan ya kwana shekaru yana ƙara bushewa. Wasu ma sukan sake gasa shi a kan gawayi bayan 'yan shekaru don su kori danshi. Irin wannan ba ya buɗewa sai da ruwan da ke ɓararraka a kan wuta. Ruwan da ya zauna a flas, aka kuma juye shi a kofi mai sanyi, ya riga ya huce.

Na biyu, ganyen ya yi kaɗan, ruwan ya yi yawa. Su mazubinsu ƙarami ne, gaiwan, wato ɗan kofin tangaran mai murfi da ke ɗaukar kamar mililita 100 zuwa 120, kuma giram 6 ko 7 suke zubawa. Ga yadda nake yi: in fara ɗauraye mazubin da tafasasshen ruwa har ya yi zafi, in zuba ganyen a ciki in rufe. Ku ɗaga murfin ku shinshina a nan, Alhaji, za ku ji ƙamshin ya fara tashi tun ba a sa ruwa ba. Sai in zuba ruwa, in zubar da shi bayan daƙiƙa biyar zuwa goma. Daga nan zubi na farko kamar daƙiƙa 30, ina ƙara lokaci a kowane zubi. A tsiyaye tas kowane karo, kada a bar ko ɗigo a ƙasa.

Maman Biyu, Jos:
Gaskiya ka faɗa ɗana, amma ni daƙiƙa 30 ba ta taɓa isata ba. Nawa Dong Ding ne, wani ulong na Taiwan, ƙanina ya kawo mini tsaraba. Na yi wata guda ina bin ƙa'ida, shayi ya ƙi nauyi. Ashe tudun Jos ne: muna sama da teku da wajen mita 1,200, don haka ruwanmu yana tafasa ne a kusan digiri 96, ba ya kai 100. Ga sanyin hunturu. Sai na koma 'yar butar yumɓu irin ta garin Yixing na ƙasar Sin, wadda ke riƙe zafi fiye da tangaran. Ina rufe ta, in kwarara mata tafasasshen ruwa ta baya, in bar ta minti ɗaya cur. Ranar da na fara yin haka, ina ɗaga murfi ƙamshin ya cika ɗakin, kamar an buɗe buhun dabino. Tsohon ulong ba shi da saurin ɗaci kamar ɗanyen ganye, shekaru sun kwantar da baurinsa, saboda haka kada Alhaji ya ji tsoron jinkirtawa.

Ɗan Damagaram:
Mu da muka tashi da shayin gawayi, hannu ya saba. Na zuba nawa a buta tun farko, na dafa da sukari ina ɗaga shi don kumfa, yadda muke yi wa koren ganyen Sin. Abin da ya fito ƙauri ne da zaƙi kawai, tsamin nan mai daɗi ya ɓace. Na ji zafin asarar. Amma ga abin da na gano daga baya: in ka yi zubi bakwai ko takwas ganyen ya fara sanyi, kada ka zubar. Juye shi a buta, ka ɗora a kan garwashi ya ɗan dahu minti uku zuwa biyar. Wannan na ƙarshen yana da kauri da zaƙi a baki, ni ya fi mini na farko.

Malama Uwargida, Kaduna:
Maganar warin nan ba wanda ya taɓa. Ganyen da ya daɗe a rufe yana buƙatar shan iska. Ku ɗebi na mako guda ku zuba a gwangwani mai tsabta, ku ɗora murfi sakwa-sakwa na kwana uku ko huɗu, warin ajiya zai ragu. Amma a yi nesa da kicin da turare. Ni na ajiye nawa a durowa ɗaya da turaren wuta, cikin sati biyu ya zuƙe ƙamshin kaf, har yau ina takaici. Da damina kuwa a rufe gam. In kun ga fari-fari a jikin ganyen ko kun ji warin fumfuna, wannan ba tsufa ba ne, lalacewa ce, kada a sha. Sai ruwa: na burtsatsenmu yana barin farin ɓawo a gindin buta, kuma yana dakushe shayin. Na gora nake sa wa wannan.

Ɗalibi a Xiamen:
Kan batun ko an canza muku ganye, ku duba shi bayan zubi na biyar. Na gaske yakan warware, ya yi laushi, launinsa ƙasa-ƙasa. Akwai masu ƙona sabon ganye su ce tsoho ne. Wannan baƙi ƙirin yake zama, ya ƙi buɗewa, yana murmushewa a hannu kamar gawayi.

Mai Atamfa, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Na bar shi ya sha iska kwana huɗu kamar yadda Malama ta ce. Jiya bayan Isha'i na ɗora buta a kusa da ni, ba ta sauka daga wuta ba, na yi amfani da ƙaramar butar tangaran ta maiɗakina, na gasa ta da ruwan zafi tukuna. Zubi na farko bai ce komai ba sosai. A na uku magaryar nan ta dawo, har na kira ƙanina ya ɗanɗana. Mun kai zubi tara, ganyen ya warware, ƙasa-ƙasa ne, ba baƙi ba. Ɗan Damagaram, na manta na zubar da shi kafin in dafa. Ranar Juma'a in sha Allahu zan hura gawayi in gwada naka.