Neman shawara: zanen da ke yawo a allon kwamfuta ya ƙi fitowa

Mai Shagon Fasfo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan abin nan yana damuna.

Ina da ɗan shago na buga takardu da hoton fasfo, na gaje shi daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Tun ina firamare nake zama gefensa. Kwamfutarsa mai allon nan ce mai ƙaton ƙeya, Windows XP a kanta. Idan ya tashi zuwa sallar azahar, sai allon ya yi baƙi, bututu masu launi su fara tsirowa, ja da kore da ruwan ɗorawa, suna lanƙwasa suna ratsa juna har su cika allon, sannan su goge su sake daga farko. Yaran unguwa har taruwa suke a bakin ƙofa. Waccan ta daɗe da mutuwa. Watan jiya na sayi wata ta tebur, wadda aka taɓa amfani da ita, na ajiye ta inda ta Baba take.

Na duba jerin zanen da ke fitowa idan an bar kwamfuta (Screen Saver), babu bututun, sai Mystify da Ribbons da Bubbles da 3D Text. Na zaɓi Mystify, amma layukan 'yan kaɗan ne, daga ƙofa ba a ganinsu sosai. Na danna Settings, ta ce babu abin da zan iya sauyawa. Kuma idan na danna Preview yana fitowa, amma in na bar ta, allon mutuwa kawai yake yi. Ɗan yayana ya kawo min wani fayil a filashi ya ce bututun ne, ban buɗe ba tukuna. Ya zan yi?

Ɗalibar Kimiyya: Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Wace Windows ce a kanta, kuma minti nawa ka sa a Wait, wato lokacin jira kafin zanen ya fito?

Injiniya: Ba sai an tambaya ba, matsala biyu ce, duk na sani. Ta farko: kwamfuta tana da agogo biyu. Ɗaya na zanen, ɗaya na kashe allo, yana cikin Power Options. Idan ka sa zanen ya fito bayan minti 15, alhali allo yana mutuwa a minti 10, har abada ba za ka gan shi ba. Sa zanen a minti 3, kashe allo a minti 30.

Ta biyu: gaskiya ne Mystify ba shi da saiti a fili, a rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows) aka ɓoye shi. Danna maɓallin Windows da R, rubuta regedit, bi HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, Screensavers, Mystify. Ƙirƙiri sabon DWORD, sa masa suna NumLines, zaɓi Decimal, rubuta 20. Akwai LineWidth na kaurin layi, amma lambarsa ba kai tsaye take ba, bar shi.

Baban Yara: Malam, kada ka taɓa rajista, wallahi. Haka wani mai gyara ya shiga tawa zai "ƙara mata gudu", da safe ta ƙi tashi, hotunan sunan 'yata duk suka tafi. Har yau idan na kira shi ba ya ɗagawa, kuɗin ma bai mayar ba.

Injiniya: Baban Yara, wancan bai san aikinsa ba ne. Layi ɗaya a ƙarƙashin Mystify ba ya hana kwamfuta tashi. Idan yana tsoro ya danna Export ya adana kafin ya taɓa.

Mai Sola: Ni tambayata, a kan wace wuta? Wannan zanen an yi shi ne don tsofaffin allunan nan masu ƙeya, waɗanda hoto ke ƙonewa a jikinsu idan ya daɗe a tsaye. Allo falle na yanzu ba ya buƙata. Kana barin allo a kunne, batir na zuba a banza. Ni batir biyu na canza cikin ɗan lokaci saboda yaran shagona ba sa kashe komai, fanka ma a kunne suke barinta su tafi cin abinci. Bar allon ya mutu, shi ne daidai.

Mai Shagon Fasfo: Yallaɓai Mai Sola, na san yana cin wuta, ni nake biya. Ba don kare allo nake so ba. Duk wanda ya leƙo ya ga allo baƙi yana zaton ba ma aiki ne, ya wuce shagon gaba. Kuma na faɗa muku dalilina tun farko. Wait ɗin minti 15 na sa saboda ba na son ya riƙa katse ni ina lissafi da mai hoto.

Ɗalibar Kimiyya: Har yanzu ba ka faɗi Windows ɗin ba, Yaya. Kuma fayil ɗin filashin nan, ka yi hankali. Duk fayil mai .scr a ƙarshe manhaja ce cikakkiya, kamar .exe, shi ya sa masu yaɗa cutar kwamfuta suke ɓoyewa a cikinsa. Kwamfutar da ke ɗauke da hotuna da takardun mutane ce fa.

Injiniya: Bututun sunansa 3D Pipes, fayil ɗinsa sspipes.scr. Microsoft ta cire shi tun daga Vista, Windows ɗin da ta biyo bayan XP. Na gaskiyar yana cikin System32 na kowace XP. Ka nemi tsohuwar XP ka kwafo da hannunka, ka danna masa dama, ka zaɓi Install. Na yi wa mutane da yawa, yana tafiya.

Baban Yara: Yanzu kuma a ɗauko fayil daga tsohuwar kwamfutar da ba a san me ke cikinta ba? Haba Injiniya.

Mai Shagon Fasfo: Ɗan yayana ba zai kawo min abin cutarwa ba, yaron kirki ne, ya ce a wurin abokinsa ya samo. Na gyara agogon kamar yadda Injiniya ya ce. Zanen ya fito, amma ko minti ɗaya bai yi ba ya ɓace, ba wanda ya taɓa komai.

Mai Sola: Linzaminka ne. Idan teburin na gilashi ne, ko firinta na girgiza shi, kwamfuta tana ɗauka hannu ne. Kifa shi ka gani.

Injiniya: Ba linzami ba ne, wata manhaja ce ke tayar da ita. Ka sa NumLines ɗin?

Mai Shagon Fasfo: Ban sa ba, maganar Baban Yara ta tsaya min a rai. Teburin katako ne, na Baba ne, ba zan canza shi ba. Filashin yana nan cikin aljihuna. Akwai wanda ke da XP mai aiki a cikinku?